An Nemo wa Inabi Miji

Goggo Bebi ta sauka garin Greensboro, can ƙetaren teku, a watan Yuli na shekarar 1982, da akwatin ƙarfe da ƙullin kanwa da busasshen ganyen darbejiya. Ɗan wanta Abdulhamid, wanda ta raina tun daga yaye, shi ya aika mata ta zo. Yana karatun digiri na biyu kan noman 'ya'yan itatuwa a jami'ar da ke gabashin garin, matarsa Ruƙayya kuma cikinta ya tsufa, ga shi haihuwar fari. A Dutse abu biyu aka san Goggo da su: kula da mai jego da haɗa aure. Har tsokanarta ake yi cewa ba ta iya ganin gwauro ta wuce.

Ƙaramin gidan katako suke haya, a wani layi da mazaunansa baƙaƙen fata ne 'yan ƙasar, yawancinsu tsofaffi. Makonnin farko Goggo a bakin taga ta yi su, tana kallon titi.

"Hamidu," ta kan ce, "wai garin nan ba mutane ne, sai motoci?"

A watan Agusta Ruƙayya ta haifi 'ya mace, aka sa mata Aishatu, ana kiranta Ummi. Washegarin dawowarsu daga asibiti, da hantsi, Abdulhamid ya leƙa bayan gida ya tarar Goggo ta kafa bulo uku ta hura wuta, ta ɗora tukunyar da suke dafa naman salla.

"Goggo, akwai fa ruwan zafi a famfo."

"Wancan na wanke kwanuka ne. Mai jego ruwan da ya tafasa a wuta take so."

Bai gama lallashinta ba sai ga wata doguwar tsohuwa ta ɓullo ta bayan shinge da tiyon ban ruwa a hannu, tana magana da sauri. Goggo ta miƙe ta kare wutarta, tana mayar mata da amsa da Hausa. Da ƙyar Abdulhamid ya shiga tsakani, ya yi wa maƙwabciyar bayani: haihuwa aka yi, ruwan wanka ne, al'adarsu ce. Tsohuwar ta dubi tukunya, ta dubi ganyen da ke yawo a ciki, ta sauke tiyon. Ta ce kakarta ma haka take dafa ganye ta yi wa masu haihuwa wanka, can ƙauyensu. Ta ce amma a rage wutar kada wani ya kira 'yan kwana-kwana. Ta juya ta tafi. Can kuma sai ta kira Abdulhamid ya zo ya ɗauki wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda ta juye furannin da ta shuka a ciki. Ta mahaifiyarta ce, ta wanki.

Goggo ta ƙwanƙwasa tukunyar, ta ji ƙararta, ta gyaɗa kai. "Wannan ta san abin da ake ciki. Yaya sunanta?"

"Odessa. Odessa Pettiford."

"Hadiza," in ji Goggo. Daga ranar kuwa Hadiza ta zama. Ita kuma Odessa tana kiranta Mis Gogo.

Ba su da kalma ɗaya ta haɗin gwiwa, amma kullum da safe suna bakin shinge. Wannan ta yi nata yaren, waccan ta yi nata, su yi dariya a inda ya kamata. Goggo ta aika mata kunun kanwa, ta shanye ta dawo da kwanon da gasasshen burodin masara a ciki. In magana ta yi tsawo sai su ɗauko Ruƙayya, wadda malamar makaranta ce a gida, ta zauna da jaririya a cinya tana fassara.

Bayan gidan Odessa akwai wata rumfa babba, ginshiƙanta na itace, bishiyar inabi guda ɗaya ta lulluɓe ta gaba ɗaya. Gindinta ya kai cinyar babban mutum kauri. A ƙarƙashinta suka koma zama da zafin Satumba. Wata rana da la'asar, Abdulhamid ya dawo daga gonar jami'a ya same su can, Odessa ta ajiye ɗan kwano a gabansu, da 'ya'yan inabi da ba su fi cikin tafi biyu ba.

Ba irin na kanti ba ne. Manya ne, zagayayyu kamar kanya, launinsu tsakanin kore da ruwan tagulla, da ɗigo-ɗigo a jiki. Ba sa yin nono mai yawa, ɗai-ɗai suke ko 'yan kaɗan a tare. Ƙamshinsu kuwa tun kafin a kai baki ya cika rumfar. Goggo ta jefa ɗaya a baki ta tauna duka, nan take fuskarta ta yamutse. Odessa ta riƙe mata hannu tana dariya, ta nuna mata yadda ake yi: a sa bakin inda ya tsinke daga reshe a leɓe, a matsa, tsokar ta faɗo baki, a furzar da ƙwallayen, a yar da ɓawon.

Goggo ta sake gwadawa. Ta yi ta tsotsa.

"Ya fi faru zaƙi," ta ce. "Amma fatar nan ko takalmi a ɗinka da ita. Mene ne sunansa?"

"Scuppernong," in ji Odessa.

"Sukufana," in ji Goggo.

Odessa ta ce ai mutanen ƙauyensu ma kusan haka suke faɗa. Sai ta gyara zama ta ba su labari, Ruƙayya na fassarawa. A gabashin jihar nan aka haife ta, kusa da teku, ƙasar fadama da dogayen itatuwa. Akwai wani kogi a can mai baƙin ruwa, sunansa Scuppernong, suna ne daga yaren mutanen da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Daga kogin inabin ya samo suna. Ba daga Turai aka kawo shi ba, nan aka same shi. Na daji da ke hawa itatuwa baƙi ne, wannan ne ya fito fari a cikin danginsa, mutane suka so shi, suka yi ta ɗaukar irinsa daga gida zuwa gida. Ta ce a wani tsibiri can bakin teku akwai wata tsohuwar bishiyarsa da ake cewa ta yi shekaru ɗaruruwa, ana kiranta uwa, amma ita ba ta taɓa zuwa ta gani ba.

"Wannan kuma," ta dafa gindin, "daga bayan ɗakin mahaifiyata take. Da aka sa ranar aurena ta lanƙwaso reshe ta binne tsakiyarsa a ƙasa, ta bar shi har ya yi saiwa, sannan ta yanke ta sa mini a bokiti. A cinyata ya shigo garin nan, a jirgin ƙasa. Mijina Cleveland shi ya kafa rumfar."

Ta ce a da, in Satumba ta yi, zannuwan gado suke shimfiɗawa a ƙasa, Cleveland ya girgiza rumfar da sanda, inabi ya yi ta zuba kamar ƙanƙara. Duk layin nan sai sun ci sun gaji. Amma tun shekarar da Cleveland ya rasu, shekara uku ke nan, bishiyar sai ta yi ganye, ta yi fure, furen ya kaɗe. Abin da ke kwanon nan shi ne na bana duka.

"Makoki take yi," in ji Odessa. "Ta san hannunsa."

Abdulhamid ya ɗaga kai ya dubi rassan. Ya tashi ya zagaya rumfar, ya duba ganyen, ya tona ƙasar gindin da yatsa, ya tsaya yana kallon wasu sababbin benaye na haya da ke bayan layin. Sai da suka koma gida suna cin tuwon garin masara ya yi magana.

"Bishiyar nan lafiyarta ƙalau. Irin inabin nan ma cututtukan da ke kashe na Turai a ƙasar nan ba sa yi masa komai. Abin da ke damunta daban ne. Sukufana mace ce zalla, furenta ba ya ɗaukar 'ya'ya sai ƙudan zuma sun kawo masa garin furen namiji. Na tambayi mai shagon aski, ya ce inda benayen can suke a da kurmi ne, shekara uku da suka wuce aka share shi. Ina kyautata zaton namijin yana cikin kurmin."

"To ka gaya mata mana," in ji Ruƙayya.

"Ta yaya? Matar nan ta ɗauka bishiya tana taya ta kewar mijinta. In je in ce mata ba haka ba ne?"

Goggo ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Kamar dabino ke nan. Mu a Dutse ai hawa ake yi a ɗebo furen namiji a ɗaura wa macen."

"Kamarsa, Goggo."

"To ai Hadiza ba ta yi ƙarya ba. Su biyu suka yi rashi a shekara ɗaya. Sai dai ita bishiya ta gama takaba tuni, ba wanda ya kula ya nema mata wani. Gobe ka zo ka fassara, ni zan yi maganar."

Washegari Goggo ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sa goro a ɗan faranti, ta shiga gidan Odessa ta ƙofar gaba, ba ta shinge ba. Ta zauna, ta yi doguwar gaisuwa, ta ajiye goron. Sannan ta ce ta zo ne kan maganar 'yar gidan nan da ke bayan gida, wadda ta ga tana zaune ba miji, ga ƙuruciya ga lafiya. Abdulhamid yana fassarawa yana kallon ƙasa. Da ya kai ga bayanin kurmi da ƙudan zuma, Odessa ta sunkuyar da kai, har ya fara da-na-sanin zuwa.

"Akwai wani inabin daji a kurmin," ta ce a hankali. "Ya haye wata doguwar bishiya har ƙoli. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa yi ba. Cleveland kullum sai ya ce zai je ya sare malalacin nan."

Sai dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga baya kuma ba dariyar ba ce. Goggo ta matsa kusa ta dafa mata gwiwa, suka zauna haka. Da ta share fuska ta ce, "To, Mis Gogo, a nemo mata. Amma ɗan mutunci."

Abdulhamid ya ce sai ganye ya zube, sanyi ya fara shiga, sannan ake dashe. Kafin lokacin ya yi, aka sami ɗan tsaiko. Wata rana Odessa ta buɗe ɗakin ajiyarta da ke gefen rumfa za ta ɗauko manjagara, Goggo na biye da ita. A kan katako ga manyan kwalabe jere, masu kunne, duk ƙura ta rufe su, ga wani ɗan wari mai tsami. Goggo ta nuna su da haɓa. Odessa ta nuna rumfa, ta yi alamar matsewa, ta yi alamar kurɓa, ta yi tangaɗi kaɗan don ta ba ta dariya. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta dawo gida ta sami Abdulhamid.

"Hamidu, giya ake yi da shi?"

"Ana yi, Goggo. Farar giya. An daɗe ana yi a jihar nan."

"Kuma ka sani ka bar ni na kai goro? In bishiyar ta haihu aka yi giya, da hannuna a ciki."

Ya ce ana ci haka nan, ana dafa shi da sukari a shafa a burodi, ba lallai sai giya ba. Ba ta saurare shi ba. Kwanaki ba ta je shinge ba. Ta zauna a ɗaki tana jan carbi, tana raino, tana yi wa kowa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta taga Ruƙayya kan hango Odessa ta fito ta tsaya, ta ɗan jira, ta koma.

Ranar Asabar da rana Odessa ta ƙwanƙwasa ƙofa, da hularta ta zuwa unguwa. Ta ce wa Ruƙayya ta tambayar mata abin da ta yi. Ruƙayya ta dubi Goggo, Goggo ta ce a faɗa mata gaskiya. Da Odessa ta ji, sai ta ja kujera ta zauna.

"Ki ce mata ni ma ba na sha. Cocinmu ba ya so, mahaifiyata ma ba ta so. Cleveland ne mai yi. Tun muna amarya da ango muke faɗa a kan kwalaben nan, na ɓoye su, na zubar, na kai ƙararsa wurin fasto, bai daina ba. Da ya rasu na ce yau zan kwashe su in kai bola. Na buɗe ƙofar na tsaya. Har yau ban iya ba."

Ruƙayya ta fassara. Goggo ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Malam Sanda kuma taba," ta ce. Mijinta ne, ya daɗe da rasuwa. "Garin taba, ya zuba a leɓe ya yi ta tofe mini tsakar gida. Ba irin masifar da ban yi ba. Battarsa tana nan cikin kwallata a Dutse, na naɗe ta a ƙyalle."

Odessa ta ce maza duk ɗaya ne. Goggo ta ce Allah dai ya jiƙan nata. Sannan ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta ce wa Ruƙayya ta tambayi Hadiza me ya sa ta rame a 'yan kwanakin nan.

A watan Nuwamba, wata Asabar mai sanyi, Abdulhamid ya ɗauki tsofaffin biyu a motarsa suka bi High Point Road har suka fita gari, zuwa wani lambu da ake sayar da dashe. Goggo na cikin kwat ɗin marigayi Cleveland da Odessa ta ara mata, hannuwan sun rufe mata yatsu. Mai lambun ya kawo wani ɗan siririn dashe a tukunyar roba, ba ganye ko ɗaya.

"Wannan ne angon?" in ji Goggo. "Ko sandar kora kaji bai kai ba. Ɗan gidan wane ne?"

Abdulhamid ya ce sunansa Carlos. Masu binciken noma na jihar nan ne suka fitar da irinsa, bai daɗe ba. Shi ma fari ne mai ruwan tagulla. Furensa ya haɗa namiji da mace, saboda haka zai yi nasa 'ya'yan, ya kuma wadatar da maƙwabciyarsa.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Asalinsa."

"In aka bi salsalarsa, Goggo, akwai Sukufana a kakanninsa."

"Ashe auren zumunci ne," ta ce, ranta ya yi fari. "To a ɗauko shi."

Da Abdulhamid ya fassara, har mai lambun sai da ya dara. Suka dawo da Kalos, kamar yadda Goggo ke kiransa, a kujerar baya tsakaninsu. Abdulhamid ya haƙa rami a ɗaya gefen rumfar, ya kafa masa sanda. Odessa ta riƙe dashen, Goggo ta tura ƙasa da hannunta ta danna, ta yi bismilla, Odessa ta ce amin.

Goggo ba ta ga furensa ba. A watan Janairu takardar zamanta ta ƙare. Ranar tafiya Odessa ta fito cikin sanyi ta rungume ta a bakin mota, abin da Goggo ba ta saba ba. Ta tsaya ƙiƙam, sannan ta ɗaga hannu ta bubbuga mata baya.

Shekarar farko Kalos hawa kawai ya yi. Ta biyu ya ɗan yi fure, tsohuwar bishiyar ta ba da abin da ya cika bokiti. Abdulhamid ya gama karatu ya tsaya yana aiki a gonar jami'a, Ruƙayya kuma ta zama 'yar gida a wurin Odessa, ta koyi dafa inabin da sukari, ta koya mata miyar kuka. A Satumbar 1985, ana saura 'yan makonni su koma Najeriya, rumfar ta yi nauyin da sai da aka ƙara mata ginshiƙi. Odessa ta fito da zannuwan gadonta duka. Mutanen layin suka zo da kwanuka da bokitai, har da waɗanda ke zaune a sababbin benayen. Ta miƙa wa Abdulhamid sanda ta ce ya girgiza. Inabi ya yi ta zubowa, Ummi na gudu a ƙarƙashi tana ihu da Turanci. Odessa ta zauna a kujera tana kallo, tana gaya wa kowa cewa wata ƙawarta ce daga Afirka ta haɗa auren.

Ta kwana biyu tana dahuwa, ta cika ƙananan kwalabe da inabin da ta dafa da sukari, ta naɗe guda shida a tsofaffin tawul ta ce na Mis Gogo ne. Ɗaya ta fashe a hanya ta ɓata wa Abdulhamid riguna. Sauran suka isa Dutse lafiya.

Goggo ta sa aka sayo burodi, ta kira matan unguwa. Ta zauna a tabarma da cokali, kowace ta lakata mata kaɗan, tana ba su labarin kogi mai baƙin ruwa da reshen da ya shiga jirgin ƙasa a bokiti. Wata ta miƙo burodinta a ƙara mata, Goggo ta rufe kwalbar ta tura ƙarƙashin zaninta.

Da mutane suka watse ta kira Ruƙayya ɗaki. Ta tambaye ta ko Hadiza na cin abinci sosai, ko ƙafarta ta daina kumburi, wa ke share mata ganye yanzu da suka taho. Ruƙayya ta ce akwai wani ɗalibi ɗan Katsina, Garzali, da matarsa, su suka karɓi gidan, kuma ta haɗa su da Odessa kafin ta taho.

"Matar tasa tana da hankali?"

"Tana da shi, Goggo."

"To ki aika mata ta riƙa leƙa ta kullum da safe. Ba sai ta jira an kira ta ba."